Inda Zaren Yaya Ya Tsaya

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, kuma sana'arta kaɗin zare. Ni akawu ne a ɗakin ajiya na gidan adana kayan tarihi. In kaya suka shigo in auna, in rubuta, in ɗora a kan kantar kaya, in kulle. Ta hanyata Gwaggo ta shiga aikin wata tsohuwar riga, a hannuna take karɓar auduga, a hannuna take dawo da zare. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi. Wanda ba a gabana aka yi ba, zan faɗi wanda ya gaya mini.

A wajen kakarta Gwaggo ta koyi kaɗi, tun tana 'yar mitsitsiya. Kakar ba ta da yawan bayani. In zare ya yi gudaji sai ta karɓi mazari, wato ɗan sandan kaɗin, ta ƙwala wa yarinya a bayan yatsu, ta miƙa mata ta ce a sake. Haka Gwaggo ta iya, kuma ta ɗauka haka kowa yake iyawa. Da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, da wannan mazarin ta riƙe gida. Muna yara in muka je wajenta, kafin ka ga mutum sai ka ji sauti, mazari yana juyi a cikin 'yar tasa kamar ƙudan zuma ya faɗa kwalba. Tana zaune ƙafa a miƙe, hannun hagu a sama da curin auduga, na dama yana murzawa, a gefenta ɗan ƙoƙon alli da take dangwala yatsu don kada su yi santsi. Tana kaɗi tana faɗa da yara, tana kaɗi tana amsa gaisuwa, idonta ko kallon zaren ba ya yi.

Sai zaren inji ya cika kasuwa, masaƙa suka daina aiko mata. Ta sa mazarin a gwangwanin madara ta tura ƙarƙashin gado, ta koma sayar da sabulu da ashana ta taga. A cikin 'ya'yanta babu wanda ya gaje ta. Auta kaɗai ta taɓa gwadawa, ita ma da ta sha ƙwala a yatsu har suka kumbura, sai ta wurga mazarinta bayan katanga ta ce ta bar shi har abada. Autar nan yanzu babbar mace ce, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti. Ni da ita abokan wasa ne, ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba.

Rigar kuwa, masu fasa dutse ne suka same ta a cikin wani kogo, a naɗe cikin tulu da aka liƙe bakinsa. Malama, wadda take kula da sashen tufafi, ta ce ta girmi kakannin kakanninmu nesa ba kusa ba. Ƙyalle ɗaya ne dogo, aka ninka shi a kafaɗa aka huda wajen wuya. Ta bushe har in ka yi numfashi da ƙarfi a kanta sai ka ji tsoro. Ba a iya rataye ta, ba a iya taɓa ta. Shi ne aka yanke shawarar a yi wata irinta sak, a kaɗa da hannu a saƙa da hannu, a rataye inda mutane za su gani har su shafa. Masaƙi an samu, wani tsoho mai yawan barkwanci. Mai kaɗi ce ta gagara, sai na ce ina da gwaggo.

Da na je mata da maganar ta ce, "Su je kanti mana. Ba su suka ce namu ya tsufa ba?"

Na ce, "Gwaggo, ki zo dai ki gani da idonki."

"Kai dai ɗan nan ba ka taɓa zuwa mini da abin da zan kwanta in huta ba."

Amma washegari na tarar ta riga ni bakin ƙofa, gwangwanin madara a ƙarƙashin mayafi.

Ɗakin da rigar take yana da sanyi, babu taga, wata na'ura tana gunji a lungu ba ta tsayawa. Rigar tana kwance a faffaɗan akwatin gilashi, launinta kamar ganyen shayi da aka dafa aka shanya. Gabanta kawai ake gani a lokacin, bayan yana ninke a ƙasa. Gwaggo ta sunkuya ta daɗe tana kallo, hannunta a baya kamar mai duba mara lafiya. Can ta ce, "Wannan bahaguwa ce."

Malama ta yi dariyar jin daɗi, ta ce ita ma abin da gilashin ƙara girma ya nuna mata ke nan, murɗin zaren hagu ya yi, ba dama ba. Ta ce in aka kaɗa shi dama, rigar za ta kwanta daban a jiki, haske ma zai kama ta daban. "Baba, za ki iya juya hannu?"

Gwaggo ta dubi hannunta na hagu kamar yau ta fara ganinsa. Ta ce, "A ba ni auduga."

Aka ba su wani ɗaki a bayan ɗakin ajiyata, Masaƙi ya kafa masaƙarsa a gefe, Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a ɗaya gefen. Farkon abin ba kyan gani. Mace mai furfura, wadda a da take kaɗi ido a rufe, ga ta auduga a dama mazari a hagu, zare yana tsinkewa, mazari yana faɗuwa yana gangarawa ƙarƙashin benci.

Masaƙi ya ɗaga wani guntu ya ce, "Tsohuwa, wannan na riga ne ko na ɗaure akuya?"

"Na ɗaure bakinka ne. Kawo shi nan."

"Ni fa an ce mini gwana za a kawo."

"Ni ma an ce mini masaƙi zan tarar, na tarar da rediyo."

Haka suka yi ta yi har damina ta kama. Wata safiya ina jera kaya sai na ji sautin nan na yarinta ta bango, ƙudan zuma a kwalba, ba yankewa. Na leƙa. Zare yana fita daga hannunta siriri, sumul, idonta yana kan bango. Masaƙi ya ajiye ƙoshiyar saƙarsa yana kallo, bakinsa a rufe, abin da ban taɓa gani ba. Na ce, "Gwaggo, kin iya!"

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Ba ni ba ce. Sakin hannun na yi, ta karɓa."

Daga ranar ta fara kiran matar da ta kaɗa tsohon zaren Yaya. Kullum da safe sai ta shiga ɗakin sanyi ta tsaya kan akwatin, ta duba inda za ta kwaikwaya a ranar, ta fito tana ba da labari kamar wadda ta dawo daga gidan maƙwabta. "Yau Yaya tana cikin nishaɗi, dubi yadda ta ja shi ba ƙulli." Ko kuma, "A nan goyo take yi. Ka ga ɗan fizgar nan da yake dawowa? Yaro ne yake motsi a baya." Malama takan saurara ta rubuta, ta ce ba ta da hanyar tabbatarwa, amma fizgar tana nan, ta gan ta.

Mu dai dariya muke yi da farko. Sai na lura da hagu take karɓar auduga a hannuna, ta ankara, ta ce in yafe mata. Da hagu take tura ƙofa. In na kawo mata shayi, cokalin hagu yake zagayawa. Auta ta gaya mini a gida ma haka ne, har tsintsiya ta koma hannun hagu, kuma takan yi wani ɗan amo a maƙogwaro in tana zaune, wanda ba waƙar da suka taɓa ji a bakinta ba ce. Da aka tambaye ta ta ce ita ba ta san tana yi ba.

Zaren tsaye duka ta gama, Masaƙi ya ɗaura. Aka shiga zaren kwance, wanda ake jefawa da ƙoshiya, ita tana kaɗawa shi yana saƙawa a bayanta. Tun daga gindin rigar ta gaba suka taso, suka haura ƙirji, suka doshi kafaɗa. A daidai lokacin Malama ta gama lallaɓa tsohuwar rigar, ta daɗe tana ba ta danshi kaɗan-kaɗan har ta yarda ta buɗu. Ta kira mu mu ga bayanta.

Ko ni da ban san kaɗi ba na ga abin. Daga kafaɗa zuwa ƙasa kaɗan, zaren ya fara sirancewa, ya yi ta samun ƙulli inda ya tsinke aka haɗa, ƙullin yana ƙara kusantar juna. Sai a tsakiyar baya, kamar an ja layi, ya canja gaba ɗaya. Daga nan har gindi zaren kaca-kaca ne, nan kauri nan siriri, gudaji ko'ina.

Malama ta ce, "Hannu biyu ne. Na biyun ɗan koyo ne."

Gwaggo ta bi wajen sirancewar da yatsa ta saman gilashi, a hankali, har ta kai layin. Ta ce, "Ciwo ya kama ta a nan. A nan ta daina tashi, a kwance take yi. A nan ta tafi."

Malama ta ce, "Baba, wataƙila tafiya ta yi, ko haihuwa. Ba lallai mutuwa ba."

Gwaggo ta ce, "'Yar nan, dubi na biyun, 'yarta ce, yarinya ƙarama. Sakin audugar take yi da yawa kafin murɗi ya kama. Kuskure ɗaya ne, tun daga layin har gindi. Da uwarta tana da rai, ko a ɗakin can take kwance, da ta ji a sautin mazari ta ƙwala mata kira. Babu wanda ya gyara mata. Ita kaɗai take a ɗakin."

Na'urar tana ta gunjinta. Masaƙi ya cire hularsa ya mayar.

Aikin bai canja ba, abin da yake jikin tsohuwar riga shi za a bi. Wato sai Gwaggo ta kaɗa zaren ciwon nan, siriri mai tsinkewa. Na ɗauka zai ba ta wuya. Bai ba ta ba. Hannun ya fara rawa da kansa, zaren ya riƙa tsinkewa a inda ya kamata ya tsinke. Sai tari ya zo, busasshe. Zaren da take kawo mini in auna ya yi ta raguwa, har aka kai ranar da ta miƙo mini abin da bai motsa ma'auni ba. In na leƙa sai in gan ta zaune mazari a cinya. Sau da yawa na ga ta warware abin da ta kaɗa jiya ta ce bai yi ba, alhali ya yi. Masaƙi ya zauna ba aiki, amma ya daina tsokanarta. Saura kamar faɗin tafin hannu su kai layin.

Wata rana da azahar ta shigo ɗakin ajiya, ta zauna kan buhun auduga. Ta ce, "Ɗan nan, rufe ƙofar." Na rufe.

"Tun daga gindin riga nake bin matar nan. Inda ta yi dariya na yi, inda ta gaji na gaji. Ta yi tari, ga shi ina yi. To in na kai inda ta tsaya, ni ina zan bi?"

Na ce, "Gwaggo, rai a hannun Allah yake."

"Na sani. Ita ma a hannunsa nata yake."

"To ki bari. Zan gaya wa Malama a nemi wata."

"Wace? Kuma in bar ta a tsakiyar hanya? Ita da ciwo a ƙirji ta kai nata layin, ni da ƙafata in gudu?" Ta miƙe tana dafa kantar kaya. "Gaba ba daɗi, baya ba daɗi. Kai dai ka rubuta an kawo kaɗan."

Kwana biyu bayan haka Auta ta faɗo mini ofis da farin kayan aikinta, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Kai Akawu, uwar tawa ka ɗauko ka ɗora a kan kanta ka lissafa da kayan tarihi?"

"Ranki ya daɗe, da ke na ɗauko ai da an ce jabu ce."

"Ba wasa na zo yi ba. Na kai ta an duba ta. Tarin ƙurar auduga ce, rawar hannun tsufa ne. An ba ta magani. Ta ce wa likita ya yi ƙoƙari amma bai san Yaya ba. Jiya ta raba zannuwanta, ta ce in ba wance wannan in ba wance wancan. Yau zan tafi da ita."

Muka shiga ɗakin aiki. Gwaggo ta dubi 'yarta ta ce ko ɗaukarta za a yi sai dai a ɗauka da tabarmar. Suka yi ta yi, murya tana hawa, har Malama ta jiyo ta zo. Da ta fahimci zancen sai ta kawo dabara. Ta ce a ajiye ɗan abin da ya rage na hannun farko, Gwaggo ta tsallaka ta fara kaɗa na ɗan koyon, ta yadda babu ranar da za a ce an kai ƙarshe. Gwaggo ta ce za ta gwada.

Ta gwada, amma abin ya ƙi. Tana son ta ɓata, yatsun suna gyarawa kafin ta ankara. In ta dage ta sa gudaji, sai su fito a jere, tazararsu ɗaya, kamar duwatsun wuya. Masaƙi ya saƙa ɗan guntu aka kai kusa da gilashi aka kwatanta. Ya girgiza kai ya ce, "Wannan gwana ce take wasan yara. Ko makaho ya shafa zai gane." Malama ma ta yarda.

Masaƙi ya ce, "To a nemo wanda bai iya ba da gaske. Akawu, zo nan."

Na zauna na gwada. Audugar ta rabu biyu a hannuna, mazarin ya tafi ƙarƙashin masaƙa. Gwaggo ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, dariyar farko da na ji ta yi tun da aka buɗe bayan rigar. Da ta lafa ta ce, "Ba irin wannan rashin iyawar ba. Yarinyar ta san yadda ake zama, ta san yadda ake riƙo. Ta tashi tana kallon uwarta. Hannun ne kawai bai taɓa yi ba."

Ta faɗi haka ne tana kallon ƙasa. Mu kuwa duk muka juya muka dubi Auta.

Auta ta ce, "A'a. Kada ma ku fara."

Masaƙi ya ce, "Likita, ke kika ce ba komai ba ne, ƙura ce."

Ta daɗe a tsaye tana kallon uwarta, wadda ta rame har wuyan rigarta ya yi mata yawa. Sannan ta ce, "Da sharaɗi. Kada ta taɓa ni. Kada ta ce mini uffan. In ta ɗaga mazari a kaina, wallahi bayan katanga zai sake kwana."

Malama ta ce a hankali, "Ai abin da aikin yake so ke nan. Waccan ma babu wanda ya ce mata uffan."

Da aka samu mai karɓa, Gwaggo ta yarda ta ƙarasa nata. Auta ta nemi hutu a wajen aiki. Ranar da za a kai layin da hantsi ne, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan tabarma. Auta ta zo da jakar awon jininta ta ajiye kusa, ta ce wai don kada a ce ba ta zo da komai ba. Gwaggo ta yi alwala, ta zauna, ta dangwali alli. Zaren ya riƙa fita kamar gashi, ya tsinke ta haɗa, ya tsinke ta haɗa. Numfashinta muke ji da sautin mazari, shi ma yana yi yana tsayawa. Can ta dakata, audugar tana haɗe da zaren, zaren yana haɗe da mazari. Malama ta miƙo almakashi.

Gwaggo ta ce, "Kada ki yanke. Ba yanke shi aka yi ba. A haka yarinyar ta tarar da shi."

Ta ajiye mazarin a tasa, ta ajiye audugar a gefe, ta ɗora hannuwanta a cinya ta rufe ido. Ban san iya lokacin da muka yi a haka ba. Na ga Auta tana kallon ƙirjin uwarta, tana bin hawa da saukarsa.

Masaƙi ne ya kasa haƙuri. Ya ce, "Tsohuwa, kina nan?"

Ba ta buɗe ido ba ta ce, "Ina nan. Ka so ba haka ba."

Sai ta ja jiki ta matsa daga tabarmar. Auta ta cire takalmi ta zauna a gurbin, ƙafa a miƙe, daidai yadda uwarta take zama. Ta ɗauki audugar a dama, mazari a hagu. Gudajin farko ya fito kafin ta ja kamu ɗaya. Na ga yatsun Gwaggo sun motsa a cinyarta, ta danne su da ɗaya hannun.

Zama a ɗakin ya gagare ta. Daga washegari ta koma kan bencin da yake baranda, bayanta jingine da bangon ɗakin. Ba ta ganin komai daga nan, amma tana ji. In mazarin ya yi tangaɗi sai ta runtse ido. In zaren ya tsinke sai kafaɗarta ta zabura. Na ce ta koma gida ta huta, ta ƙi. Tarin ya fara sauƙi, tana cin abinci, amma fuskarta ba ta wanda ya tsira ba ce.

Na kai mata shayi wata rana, ta karɓa ta ce, "Ashe haka ake ji."

"Me, Gwaggo?"

"Kana jin naka yana fama, ga shi nan bango ɗaya, ba bakin kira ba hannun miƙawa. Ni da na ɗauka tafiyar ce abin tsoro." Ta juya cokalin hagu. "Yarinyar nan ko shekara nawa take? Wa ya ce lallai sai ta ƙarasa? Wataƙila uban ne ba shi da ta sawa. Wataƙila ita ce ta ga zaren uwarta a rataye ta kasa barinsa."

Abin da ya biyo baya a gabana aka yi, na shiga kai auduga. Ranar zaren ya ƙi Auta ƙwarai. Ta haɗa ya tsinke, ta haɗa ya tsinke, yatsunta sun yi ja. Ta ɗaga mazarin kamar za ta yi jifa da shi, sai ta sauke, ta kifa kai a gwiwa. Ba ta yi kuka da sauti ba, bayanta ne kawai yake motsi. Sautin mazari ya ɗauke.

Sai ga Gwaggo a bakin ƙofa. Ta tako a hankali ta durƙusa a bayan 'yarta. Na ga Auta ta janye yatsunta ta dunƙule su, ita kanta ina jin ba ta san ta yi ba. Gwaggo ba ta ce komai ba. Ta zagayo da hannuwanta ta buɗe dunƙulen, ta sa audugar a dama, mazari a hagu, ta ɗora yatsunta a kan na Auta. Ta ɗan matse inda audugar take fita, ta jira murɗi ya hau, sannan ta saki. Ta sake. Ƙudan zuman ya tashi. Zaren ya fita sumul tsakanin hannuwa huɗu, kan tsohuwa a kafaɗar 'yarta. Auta ba ta ture ta ba. Sun yi haka har curin ya ƙare, sannan Gwaggo ta dafa bango ta miƙe ta koma bencinta.

Malama tana tsaye a bayana, ta ga komai. Masaƙi ya ɗaga zaren ya ce, "Wannan fa babu shi a tsohuwar. In cire?"

Malama ta fita baranda ta tambayi Gwaggo. Na ji amsar ta taga. "Ku kuka san aikinku. Amma da Yaya ta samu hanya, da ta yi."

Malama ta dawo ta ce a saƙa shi. Daga baya ta rubuta a ɗan katin da yake gefen rigar cewa a wannan wajen sabuwar ta saɓa wa tsohuwar.

Auta ta ƙarasa sauran ita kaɗai, da gudajinta da komai. Gwaggo ba ta sake shiga ba, kuma ba ta sake ɗaukar mazari ba, ko da dama ko da hagu. Ta sa shi a gwangwanin madara ta ba Auta, ta ce in za ta wurgar ta bari sai bayan ranta. Ta koma gidan Autar da zama, ta ƙara 'yan shekaru cikin ƙoshin lafiya daidai gwargwado, tana faɗa da jikoki, tana aika wa Masaƙi gaisuwar zagi ta bakina. Hannunta dai bai koma dama ba. Da ajalinta ya zo ciwon kwana kaɗan ta yi. Auta ta gaya mini a ranar ƙarshe ba ta magana, amma babban yatsanta na hagu da manuni suna ta murza bakin zanen gado, har ita Autar ta sa hannunta a kai, sannan suka tsaya.

Sabuwar rigar tana rataye a babban zaure. Masu ziyara sukan zagaya bayanta su shafa wajen kaca-kacan, yatsunsu su faɗa kan ɗan layin nan mai santsi, wanda bai wuce faɗin yatsa biyu ba, su tsaya. Wajen har ya fara duhu saboda hannuwa.

Tsohuwar tana ɗakin sanyi. Ni nake kulle ɗakin in an tashi aiki da la'asar. Wani lokaci nakan ari gilashin Malama in sunkuya kan akwatin, in fara daga layin in bi zaren yarinyar sili-sili har gindin riga, ko akwai wani ɗan waje, ko da rabin yatsa ne, da ya fita sumul. Na bi shi ya fi a ƙirga, ban samu ba tukuna.